Majalisarmu ta teburin mai shayi za ta tashi: yaya ake sallama da mutanen da suka raine ka?

Ɗan Yelwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya da waɗanda suka riga mu wuce wannan mataki, domin akwai al'amarin da ya tsaya mini a rai tun makonni biyu da suka gabata, kuma na kasa yanke masa hukunci ni kaɗai.

Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, ina shekarar ƙarshe. Mu shida ne muka shaƙu tun muna aji ɗaya. Uku daga cikinmu a harabar Yelwa suke ɗaukar darasi, sauran kuma kullum sai sun bi mota zuwa Gubi su dawo da yamma a gajiye, saboda haka babu inda muke cika mu shida sai a teburin wani dattijo mai shayi da ke ƙarƙashin darbejiya a bayan layinmu. Baba kawai muke ce masa. Benci biyu gare shi, ɗaya ma an tokare ƙafarsa da bulo, sai tukunyar ruwan zafi da ke ƙamshin citta da kanumfari, da kaskon suyar ƙwai, da ƙaramar rediyo da yake ratayewa a jikin bishiyar domin labaran dare. Karatun da ya kamata mu gama cikin shekara biyar ya kai mu kusan bakwai, saboda rufe makarantu na annobar korona da yajin aikin malaman jami'o'i a 2020, da kuma na 2022 wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk tsawon wannan lokaci a kan waɗannan bencina muka yi bitar jarrabawa, muka yi musu, muka yi wa juna ta'aziyya.

A farkon 2023, lokacin da aka canza fasalin naira tsabar kuɗi ta yi wuya, sai mutum ya yini a layin banki ya dawo hannu rabbana. Baba ba shi da asusun banki, amma bai taɓa cewa ɗayanmu ya tashi ba. Ya samo littafin rubutu irin na 'yan firamare, yana rubuta abin da kowa ya ci da ajami, kowa da laƙabin da ya sa masa, kuma na tabbata har yau akwai sauran bashinmu a ciki wanda mu mun manta adadinsa, shi kuma bai taɓa tuna mana ba.

A wannan teburi ne na haɗu da mutumin da, in ka cire iyayena, babu wanda ya tsaya mini kamarsa. Injiniya muke kiransa, yana aji biyar muna aji ɗaya. Ranar da na ga na faɗi darasin lissafi na zangon farko, na zo na zauna a ƙarshen benci ban ce da kowa komai ba har shayin da Baba ya ajiye mini ya huce. Injiniya bai tambaye ni abin da ya faru ba. Ya yago gefen kwalin madara, ya rubuta tambaya ɗaya da biro, ya turo mini ya ce: “Ƙanena, kafin Baba ya gama soya ƙwan nan nake son amsa.” Daga wannan dare har ya kammala, kullum bayan sallar isha'i sai ya zauna da ni, kuma shi ya koya mini yadda ake tunkarar malami da tambaya cikin ladabi, da yadda ake raba kuɗin wata domin kada su ƙare tun sati na biyu. Bayan ya sami aiki a Bajoga, a shekarar da mahaifina ya kwanta rashin lafiya, shi ne ya cika mini kuɗin rajista, na yi masa alkawarin zan mayar bayan kaka. Kaka biyu ke nan ban mayar ba. Kunya ta sa na daina kiransa, har ya kira ni sau biyu ina kallon wayar ban ɗauka ba, kuma wannan abu yana cin raina.

Yanzu mai filin ya sayar da wurin, za a gina shaguna, an ba Baba zuwa ƙarshen wata. Ya ce shi ba zai nemi wani wuri ba, ƙafafunsa sun gaji da tsayuwar dare, zai koma garinsu can wajen Darazo. Mu ma saura 'yan makonni mu gama jarrabawar ƙarshe, daga nan bautar ƙasa ta raba mu. Abokaina suna son mu yi masa walima, mu haɗa kuɗi mu ba shi a gaban jama'a. Shin hakan ya dace, ko akwai abin da ya fi? Da wace fuska zan koma wa Injiniya ba tare da kuɗinsa a hannuna ba? Kuma waɗanda suka gama tun da daɗewa, me ya riƙe abotarku bayan majalisa ta tashi?

Tsohon Ɗalibin Gwallameji ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na karanta bayaninka sau biyu kafin na iya amsawa, domin ka tuna mini da abin da na yi shekaru ina nadamarsa.

Na yi karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji a tsakiyar shekarun 1990. Tamu majalisar a shagon wani tela take, mutum mai haƙuri wanda yake barinmu mu yi guga da dutsen gugarsa na gawayi, mu ajiye littattafanmu a ƙarƙashin teburin yankansa, wani lokaci ma mu kwana a kan tabarmarsa idan karatun dare ya ja. Da muka gama jarrabawa kowa ya ɗauki akwatinsa ya nufi tasha, muna ganin ai za mu dawo karɓar sakamako, sai mu yi masa sallama a tsanake. Ni ban sami dawowa ba sai bayan shekara uku, na tarar shagon ya koma hannun wani, aka ce mini Allah ya yi wa telan rasuwa a daminar da ta wuce. Yana bina kuɗin ɗinkin kaftani biyu na salla. Sai da na yi wata da watanni ina cigiya kafin na gano ƙaninsa a wani ƙauye na miƙa wa magada haƙƙinsu, amma godiyar da ya kamata ya ji da kunnensa, wannan ba ni da inda zan kai ta.

Don haka kafin a yi maganar walima, ku fara da littafin nan. Ku je ku shida a lokacin da babu jama'a, ku roƙe shi ya karanta muku abin da ke kan kowa, ku biya har kwabon ƙarshe, sa'an nan ku nemi ya yafe muku wanda bai shiga littafi ba, domin a cikin shekara bakwai ba za a rasa kofin da aka sha aka manta, ko maganar da yaro ya faɗa wa dattijo cikin raha ta sosa masa rai ba. Kyautar da aka ɗora a kan bashi ba ta cika kyauta ba. Kuma kada ku tsaya a lambar waya. Ku karɓi kwatancen gidansa, sunan ƙauyen, da sunan da aka san shi da shi a can, domin na san a garinsu ba Baba mai shayi ake kiransa ba.

Game da abin da ya riƙe abotarmu, mu tara ne a wannan shago. Muna cikin karatu aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga Bauchi a ranar 1 ga Oktoba 1996, sai ga abokanmu na Kumo da Billiri da Dukku sun zama 'yan wata jiha, kuma da aka zo neman aiki kowa jiharsa ya nufa. Wayar salula ta GSM ba ta shigo ba sai 2001, saboda haka wasiƙa muke bai wa direba a tasha ya kai Gombe. Duk da haka mu huɗu har yau muna tare, 'ya'yanmu ma sun san juna. Abin da ya bambanta mu huɗun da sauran shi ne wata ƙa'ida da muka ɗaura wa kanmu: aure, suna da rasuwar iyaye, dole mutum ya zo da ƙafarsa, in kuwa ya gagara ya aiko ɗan'uwansa na jini. Daga baya muka ƙara ɗan asusu da kowa yake zuba abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata. Ku kuna da zauren WhatsApp, kuma yana da amfaninsa, sai dai na ga da yawa irinsa da suka koma wurin tura gaisuwar Juma'a kawai. Hausawa da suka ce zumunci a ƙafa yake ba su san waya ba, amma ni da na ga zamanin biyu ban ga abin da ya sauya maganar ba.

Shi kuwa yayanka na Bajoga, kada ka kira shi a waya. Ka hau mota ka bi ta Alkaleri zuwa Gombe, ka sake wata zuwa Bajoga, ka sallama a ƙofar gidansa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mutumin da ya zauna da kai dare da dare a kan kwalin madara ya san halin da ɗalibi yake ciki.

Malama daga Jekadafari ta amsa:

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka damu da wannan tun kafin lokaci ya ƙure. Na goyi bayan Baba na Gwallameji a kan biyan bashi da zuwa Bajoga, amma ina da magana a kan walimar.

Ni a Jami'ar Jihar Gombe na yi karatu, a Tudun Wada, lokacin jami'ar ba ta daɗe da kafuwa ba, domin a 2004 aka kafa ta. Mu mata ba mu da teburin mai shayi. Tamu matattarar ita ce wurin wata baiwar Allah mai suyar awara da sayar da zoɓo da kunun aya, inda muke shimfiɗa ɗankwali mu zauna tsakanin lakca da lakca. Da za mu gama, muka yi irin abin da abokanka suke shirin yi: muka tara kuɗi, muka sayi atamfa, muka kira 'yan ajinmu, aka yi jawabi, aka ɗauki hotuna ana miƙa mata ambulan. Ta yi godiya har da hawaye, mu kuma muka tafi muna jin mun kyauta. Daga baya 'yarta ta shaida mini cewa kwana biyu ba ta fito sana'a ba saboda nauyin da ta ji, domin hoton ya zaga wayoyin mutane, maƙwabta suna yi mata barka kamar wadda aka yi wa sadaka. Mace ce da ta rayu da guminta, mu kuma muka tsayar da ita a gaban jama'a a matsayin mai karɓa. Dattijon da ya ciyar da ku bashi bai tona asirin kowa ba, ina ganin ya cancanci ku ma ku ba shi naku a sirrance. In za a yi zaman ƙarshe, a yi shi kamar kowane dare, shi ne mai masaukin, ku sayi shayinsa ku biya, a yi addu'a a watse.

Akwai kuma abin da ban ji ka ambata ba. A ajinmu akwai wata matar aure mai 'ya'ya uku da muke kira Anti, ta girme mu da kusan shekara goma. Ita ce ta hana ni barin karatu lokacin da aka sa ranar aurena ina aji uku, ta zaunar da ni ta rubuta mini yadda take raba yininta tsakanin girki da yara da littafi, har ta je da kanta ta gaishe da mahaifiyar mijina domin a san da wa nake tafiya makaranta. Ban taɓa iya biyanta ba. Abin da na lura shi ne, ita ma wata ce ta yi mata haka a kwalejin horon malamai. To kai fa, yanzu da kake aji biyar kamar yadda Injiniya yake lokacin da ya same ka, wane yaro ɗan aji ɗaya ne yake zama kusa da kai a bencin? Makonnin da suka rage ba su yi kaɗan ba. Yanzu haka akwai wanda ya ga sakamakonsa ya kasa faɗa wa kowa.

Maganar abota kuma, ku maza abin ya fi muku sauƙi. Mu aure ne yake kai kowa wani gari, kuma ƙawancen da miji bai san da shi ba yakan mutu a hankali. Ku ma idan lokacin ya zo, ku haɗa iyalanku tun farko, kada matar abokinka ta san ka a matsayin suna kawai da ke fitowa a wayar mijinta.

Mai Kanti a Wunti ya amsa:

Ni ban yi jami'a ba, amma na yi shekaru ina sayar wa masu shayi madara da sukari da ganyen shayi, saboda haka na san sana'ar daga ciki. Malam Ɗan Yelwa, duk bayanin da ka yi ban ji ka ambaci yaron Baba ba, alhali da wuya ka ga teburin shayin da ya shekara bakwai ba tare da yaron da yake ɗebo ruwa, ya wanke kofuna, ya hura gawayi ba. Ku za ku tafi da takardar digiri, Baba zai koma gonarsa da iyalinsa, to shi yaron ina zai nufa ranar ɗaya ga wata?

Shawarata ita ce, kuɗin da kuka yi niyyar sawa a ambulan ku mayar da su ciniki. Ku ce wa Baba kuna son sayen tebur da bencina da tukunya da kasko da kofuna, ku bar shi ya faɗi kuɗinsu, ku kuma ku biya ba tare da neman ragi ba, in da hali ma ku ɗora. Ta haka zai karɓi kuɗin a matsayin ɗan kasuwar da ya sayar da kayansa, babu nauyin kowa a kansa, kuma dama ɗaukar benci zuwa Darazo ya fi kuɗin bencin tsada. Sai ku damƙa wa yaron kayan a gaban Baba, domin albarkar maigida ta bi shi. Abin da zai rage shi ne wuri, kuma wannan sai an bi ta hannun mai unguwa da masu gidajen da ke layin, kada a kafa tebur a ƙofar wani ba da izininsa ba. Idan yaron mai amana ne, kuma Baba ya shaide shi, samun wanda zai ba shi kayan farko bashi ba zai yi wuya ba, haka kasuwar take tafiya.

Mai filin kuwa kada ku riƙe shi a zuciya. Haƙƙinsa ne, kuma shekarun da ya bar Baba a wurin su ma alheri ne.

Ɗan Yelwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena da yayata. Na ga ya kamata in dawo in shaida muku inda aka kwana.

Alhaji na Wunti, maganarka ta kunyata mu duka, domin yaron yana nan, shekararsa huɗu tare da Baba, shi yake miƙo mana kofi kullum, amma a duk shawarwarin da muka yi babu wanda ya tuna da shi. Mun je wurin Baba ranar Laraba da hantsi, lokacin da yake wanke kaya. Da muka roƙi ya fito da littafin sai ya yi ta kaucewa, har sai da ɗayanmu wanda ya yi karatun allo ya karɓa ya fara karantawa. Mun tarar ya ja layi a kan shafuka da dama, duk na lokacin ƙarancin kuɗin nan, ya ce waɗannan ya riga ya yi sadaka da su ladan ya kai ga mahaifiyarsa, kada mu ɓata masa. Sauran ya karɓa. Da muka nemi yafiya ya ce: “Samari, ku ne kuka raya mini wurin nan, ni ma ku yafe mini faɗan da nake yi muku a kan jinkirta salla.” Ya amince ya sayar mana da kayan, amma ban da rediyo da wata tsohuwar buta da ya ce da ita ya fara sana'ar. Mun rubuta kwatancen gidansa, kuma gaskiyar Baba na Gwallameji ce, sunan da aka san shi da shi a garinsu ba mu taɓa jin sa ba.

Ranar Asabar na je Bajoga. Injiniya ya karɓe ni, ya sa aka kawo abinci, bai ce komai ba har na gama bayanina. Sa'an nan ya ce ba kuɗin ne suka dame shi ba. Kiran nan biyu da ban ɗauka ba, an yi masa haihuwa ne, ɗansa na fari, yana son in zo suna. Ya shiga ciki ya ɗauko yaron ya ɗora mini a cinya, har ya fara tafiya. Ban iya cewa komai ba sai haƙuri da nake ta ba shi. Mun yi yarjejeniya zan riƙa tura masa wani abu duk wata daga alawus ɗin bautar ƙasa har in gama, kuma ya ce in rubuta da hannuna, ya ajiye takardar.

Yaya Malama, mun fasa walimar. Ranar Juma'ar ƙarshen wata za mu zauna bayan isha'i kamar kullum, Injiniya ma ya ce zai zo idan ya sami izini a wurin aiki. Akwai yara biyu 'yan aji ɗaya a gidan da nake haya, na fara zama da su tun daren Litinin, kuma ɗayansu lissafi ne yake ba shi wahala.

Abin da ya rage mana shi ne wurin da yaron zai kafa teburin. Mun ga mai unguwa, ya ce zai duba, amma har yanzu masu gida biyu da muka tuntuɓa ba su amince ba saboda hayaƙi da zaman dare. Idan akwai wanda yake da gida ko shago a Yelwa ko kan hanyar Dass da zai iya ba da gefen ƙofarsa, don Allah ya sanar da ni kafin ƙarshen wata, Baba da kansa ya ce zai zo ya tsaya wa yaron.